Tambayoyinku: Wai ta yaya gajimaren gas yake haifar dubban taurari a wuri ɗaya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu. Tun da muka taɓo maganar mutuwar taurari a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma abin da ya burge ni yawancinku ba mutuwar ce ta tsaya muku a rai ba, haihuwar kuka koma tambaya. Na tsamo guda shida da suke kan abu ɗaya, wato taurarin nan da ake haifa a gungu, dubbai a wuri guda. Biyun farko zasu ci fili sosai, ku yi haƙuri dasu, in suka zauna sauran ba wuya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina aji biyar na sakandare. Naga hoton wani wuri wai shi R136, taurari cunkus kamar an watsa yashi, aka ce duk daga gajimaren gas ɗaya suka fito. Abin da ya ɗaure min kai, gas ai bazuwa yake in an sake shi ba taruwa ba, to ta yaya zai dunƙule har ya zama tauraro, balle dubbai?

AMSA: Ƙanwata abin da kika lura dashi gaskiya ne, gas bazuwa yake. Ƙwayoyinsa basa zama, kullum a guje suke suna bugun juna, iya zafinsa iya gudunsu, kuma wannan bugun shine matsin da ke tura shi waje. Amma akwai ƙarfi na biyu, wato ƙarfin janyowa, girabiti ɗin nan da kuke yi a fiziks. Duk abu mai nauyi yana jan ɗan uwansa, har ƙwayar gas tana jan 'yar uwarta, sai dai a ɗaki gas ɗin ɗan mitsitsi ne ba zaki taɓa ganin yana jan kansa da kansa ba. To duk labarin nan kokawa ce tsakanin biyun nan, zafi na turawa waje nauyi na ja ciki.

Gajimaren da ake magana ba irin na ruwan sama bane, a tsakanin taurari yake. Faɗinsa kan kai shekarar haske 50, wani 100, wani ma ya haura 200, ita kuma shekarar haske ɗaya wajen kilomita tiriliyan 9 da rabi ce. Nauyinsa daga ninki dubu goma na Rana har zuwa miliyan. Yawancinsa haidurojin ne, kamar kashi ɗaya cikin huɗu hiliyom, sai 'yar ƙura wajen kashi 1 cikin 100. Sanyinsa kuwa ya kai digiri 260 ƙasa da sifili.

In kin ji ana cewa mai kauri ne kada ki kawo hayaƙi a ranki. A gurbin da bai fi kan ɗan yatsa ba, santimita ɗaya ta kowane gefe, ƙwayoyin gas ɗari ne zuwa dubu, inda ya fi cunkoso su kai dubu ɗari ko miliyan. Iskar da muke shaƙa kuma a wannan ɗan gurbin tana da ƙwaya wajen biliyan sau biliyan 25. Kinga kenan da ma'aunin nan duniya kusan fanko ne wurin, girman ne kawai ya wuce misali, shi ya sa in aka tara nauyin sai ya zama abin tsoro.

Ita kuma ƙurar nan, ɗan hakin da ka raina ce. Ita ke tare zazzafan hasken taurarin waje kada ya shiga ciki, a jikinta ne ƙwayoyin haidurojin suke haɗuwa bibbiyu, sannan ita da wani gas da ake kira kabon monoksaid su ke tsiyayar da zafin ciki zuwa waje. Ba don haka ba gajimaren ba zai yi sanyin da nauyi zai kayar da zafi ba.

A 1902 wani masanin lissafi ɗan Ingila, James Jeans, ya lissafa iyakar: ga sanyi kaza ga kauri kaza, in nauyin curin gas ya wuce kaza to ba makawa sai ya rufta cikin kansa. Daga wannan lissafin ne aka zo aka gane amsar ƙarshen tambayarki, me ya sa dubbai ba ƙato guda ɗaya ba. Gajimaren na matsewa kaurinsa na ƙaruwa amma sanyin na nan tunda zafin na sulalewa waje, to iya ƙaruwar kauri iya raguwar nauyin da ake buƙata kafin a rufta. Sai kiga curin da ya fara faɗawa a dunƙule yanzu kowane ɓangarensa ya isa ya rufta don kansa, ya rabu gida-gida, kowane gida ya sake rabuwa, a haka a haka har a kai gutsattsari masu nauyin Rana ɗaya ko ƙasa da haka. Rabuwar na tsayawa ne in gutsuren ya yi kaurin da zafi ya kasa fita, nan tsakiyarsa zata fara ɗumi, jaririn tauraro kenan, yana ta zuƙar gas ta wani faifai da ke juyawa kewaye dashi. Ranar da tsakiyar ta kai wajen digiri miliyan 10 haidurojin ya fara haɗewa yana komawa hiliyom, wuta ta kama.

Kuma ba a tsanake abin yake faruwa ba fa. Cikin gajimaren a hargitse yake, gas na karo da gas da gudun da ya fi na sauti, duk inda aka gwabza sai wurin ya matse ya zama dogon zare kamar jijiya. Madubin hangen nesa na Herschel da Turai ta harba a 2009 ya ga irin wannan zaren a kusan duk gajimaren da ya leƙa, kuma yawancin gutsattsarin da zasu zama taurari a jere suke a kansa. Inda zaruruwa da yawa suka haɗu a mahaɗa ɗaya, nan gas ke kwararowa ta ko'ina kamar ƙoramu na zuba a kwari, nan ake haifar manya-manyan taurari kuma nan ne cibiyar gungun. Rabon dai ba daidai yake ba, yawancin 'ya'yan ƙanana ne jajaye da basu kai rabin Rana ba, wanda ya ninka Rana sau 8 zuwa sama bai fi ɗaya cikin ɗaruruwa ba. R136 ɗin da kika gani yana cikin gajimaren Tarantula ne a wani ƙaramin galaksi maƙwabcin namu (galaksi shine ƙaton garken taurari irin wanda Rana take ciki), nisan shekarar haske wajen 160,000, kuma a tsakiyarsa akwai tauraro mai nauyin kusan Rana 200.

TAMBAYA: Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare. Ɗalibaina sun tambaye ni, in gajimare ɗaya yana da nauyin Rana miliyan, me ya hana kowane gajimare ya haifi gungu mai taurari miliyan? Me ya sa manyan gungu suke da wuyar samu?

AMSA: Malam ka gaishe min da ɗaliban nan, don sun taɓo ainihin inda maganar take. Amsar a taƙaice, ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Manyan taurarin da aka fara haifa su ke tarwatsa gajimaren kafin ya gama haihuwa.

Tauraro irin Rana sai ya yi shekara miliyan talatin zuwa hamsin kafin ya kama wuta sosai, amma ƙato mai ninki 30 cikin 'yan shekaru dubu ɗari ya kunnu, tun gas na zuba a kansa. Da ya kunnu kuwa shikenan zaman lafiya ya ƙare. Haskensa yana yage ƙwayoyin haidurojin ya ɗaga zafin gas ɗin daga 260 ƙasa da sifili zuwa digiri dubu goma, gas mai wannan zafin ya fara bazuwa da gudun kilomita 10 a daƙiƙa, ga kuma iska mai ƙarfi da tauraron ke hurawa daga jikinsa, bayan shekara miliyan 3 zuwa sama kuma na farko ya fashe, abin da ake kira sufanoba. Gajimaren Oriyon da ke nisan shekarar haske wajen 1,350 misali ne da ido ma yana gani dusu-dusu. Taurari sama da dubu biyu ne a wurin amma kusan duk hasken da ke ƙona gas ɗin daga guda ɗaya yake fitowa, babban cikin wasu taurari huɗu da ke tsakiyarsa, kuma tuni ya fafe ƙaton rami a jikin gajimaren. Saboda haka ne a yawancin gajimare 'yan kashi kaɗan cikin ɗari na gas ke zama taurari, sauran duk a watse.

Ba a nan ma abin ya tsaya ba. Lokacin da taurarin suke cikin gas, nauyin gas ɗin ne maɗaurin da ya riƙe su wuri ɗaya. Lissafi ya nuna in aka fizge fiye da rabin nauyin gungu farat ɗaya, abin da ya rage ba zai iya riƙe kansa ba, kowa sai ya kama gabansa da gudun da yake kai. Shi ya sa a galaksinmu cikin gungu goma da aka haifa da ƙyar ɗaya yake rayuwa a haɗe bayan gas ya tafi.

To ina manyan suke fitowa? Rige-rige ne tsakanin nauyi da 'ya'yan fari, kuma kauri ne ke yanke hukunci. Lokacin da gajimare ke ɗauka kafin ya rufta ba ruwansa da girma, da kauri yake tafiya, in kauri ya ninku sau 100 lokacin ya ragu sau 10. Gajimare mai ƙwaya 100 a wancan ɗan gurbin da muka faɗa sai ya yi wajen shekara miliyan 3 yana faɗawa, daidai lokacin da sufanobar farko zata tashi kenan. Mai ƙwaya dubu goma kuwa shekara dubu 300 ta ishe shi, ya yi haihuwa ya sake yi kafin kowa ya fashe. Sannan in nauyi mai yawa ya cunkushe a ɗan wuri, gudun da ake buƙata kafin a kuɓuce masa ya wuce kilomita 10 ɗin nan, kaga ko gas ya yi zafi ba zai iya tserewa ba, dole ya zauna a ci gaba da yin taurari dashi. A irin wannan wurin kaso mai tsoka na gas ne ke zama taurari, in ragowar ya tafi ma gungun na nan daram.

Irin wannan cunkoson ba ko'ina ake samu ba. A galaksinmu, wanda gaba ɗayansa a shekara taurari masu nauyin Rana ɗaya zuwa biyu kawai yake ƙarawa, 'yan kaɗan ne. Akwai Westerlund 1 da masanin taurari ɗan Suwidin Bengt Westerlund ya gano a 1961, nauyinsa dubun-dubatar Rana a wurin da bai wuce 'yan shekarun haske ba. Akwai Arches da ke dab da cibiyar galaksi, nisan shekarar haske wajen 25,000 daga nan, shekarunsa basu kai miliyan 3 ba. Akwai kuma wani gungun da ake kira NGC 3603. Amma inda galaksi biyu suka yi karo, gajimare na gwabza gajimare, abin sai ya zama ruwan dare. Madubin hangen nesa na Hubble ya ɗauki hoton wasu galaksi biyu da ake kira Antennae da ke cikin haɗewa, aka ƙirga sabbin manyan gungu sama da dubu.

Akwai muhawara a tsakanin masana da ya kamata ka sani. Wasu na ganin sai gas ɗin ya gama taruwa cif a wuri ɗaya sannan haihuwa ta ɓarke gaba ɗaya. Wasu kuma sun ce a'a, ana haihuwar ne gas na ci gaba da kwararowa ta zaruruwan nan, ƙananan gungu na gangarowa tsakiya suna haɗewa. Ni dai na fi karkata ga na biyun, dalilina kuwa in da na farko ne ya kamata mu riƙa cin karo da gajimaren da kaurinsa ya kai na tsakiyar Arches tun bai haihu ba, kuma irinsa ba a cika gani ba. A Tarantula ma hotunan Hubble sun nuna alamar gungu biyu ne suke shirin haɗewa. Amma kada a ɗauka kauri kaɗai ya wadatar. Kusa da cibiyar galaksinmu akwai wani baƙin gajimare da masana ke wa laƙabi da Bulo, nauyinsa ya kai Rana dubu ɗari a matse, amma taurarin da ya haifa 'yan ƙalilan ne, hargitsin cikinsa da ɗuminsa da ƙarfin maganaɗisu duk suna cikin abin da ake ganin sun riƙe shi. Wannan gajimaren kam ina bibiyar labarinsa sosai.

TAMBAYA: Don Allah ba gardama nake ba, amma abin da ake cewa yana ɗaukar shekara miliyan, kuma a cikin baƙin gajimare, wa ya gani? Ta ina aka sani?

AMSA: Ɗan uwa ko gardamar ce ai ka yi daidai, haka ya kamata a tambaya. Abu biyu ne a tambayarka, duhu da lokaci.

Duhun ya daɗe yana ruɗa mutane. William Herschel da ya ga baƙaƙen wurare a tsakiyar taurari ɗauka ya yi ramuka ne a sama, sai a farkon ƙarni na 20 hotunan Edward Barnard suka taimaka aka gane wani abu ne ya tare hasken na baya. Ƙura tana tare hasken da ido ke gani amma bata iya tare na rediyo, shi ma infared mai dogon zango, wato hasken ɗumi da ido baya gani, yana ratsa ta. Matsalar ita ce haidurojin mai sanyi kusan shiru yake, baya fitar da komai. A 1970 Robert Wilson da Keith Jefferts da Arno Penzias suka kama siginar kabon monoksaid daga Oriyon a zangon milimita 2.6, tun daga nan ya zama ɗan sahu, inda aka gan shi an san haidurojin na wurin. Kuma siginar tana ɗan gocewa in gas ɗin yana matsowa wajenmu ko yana nisa, kamar yadda jiniyar mota ke canja sauti in ta wuce ka, da wannan ake auna cewa gas yana gangarawa tsakiya da gudu kaza. Yanzu babban mai wannan aikin shine ALMA, farantan kama sigina 66 a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, a tudu mai tsayin mita 5,000 inda iska ta bushe ƙamas. Sai madubin James Webb da aka harba a Disambar 2021, shi da infared yake gani. In ka ɗora hoton ginshiƙan gas ɗin nan na gajimaren Mikiya da Hubble ya ɗauka a 1995 kusa da wanda Webb ya ɗauka a 2022, zaka ga jajayen jariran taurari a wuraren da da baƙi ne kawai.

Lokaci kuma, ba wanda ya zauna ya kalli gungu ɗaya daga farko har ƙarshe. Amma ka ɗauka an kawo wanda bai taɓa ganin ɗan Adam ba aka ajiye shi cikin taro na yini ɗaya, ya ga jariri a goye, ya ga mai rarrafe, ga saurayi ga tsoho da sanda, ai zai iya jera su ya gane tafiya ɗaya ce. Haka sama take, ga gajimaren da bai fara ba, ga mai jarirai a ɓoye, ga irin Oriyon da ya fara yaye lulluɓi, ga wanda gas ya ƙare masa. Shekarun kowane gungu kuma daga taurarinsa ake karantawa, manya suna mutuwa cikin 'yan miliyoyin shekaru, irin Rana sai biliyan 10, to in ka duba mafi girman wanda ya rage da rai ka san shekarun. Bayan haka a zuba dokokin fiziks a manyan kwamfutoci a ga ko abin da zai fito ya yi kama da wanda ke sama, inda bai yi ba a koma a gyara.

TAMBAYA: Yaro, ni dattijo ne, jikata ke karanta min filin nan. Tun muna yara muke ganin Kaza da 'ya'yanta a haɗe. Shin ita ma cikin irin abin da kake faɗa take? Kuma ita Rana ina nata 'yan uwan?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa jikar nan albarka. Ƙwarai Kaza gungu ce ta gaske, ba wai ido ne ya haɗa su ba, uwa ɗaya ta haife su. Ido yana ganin shida ko bakwai amma sun haura dubu, nisansu shekarar haske wajen 440, shekarunsu kuma wajen miliyan 100. Tana cikin 'yan kaɗan ɗin nan da suka tsira bayan gas ya watse, sai dai matsakaiciya ce, bata kama ƙafar su Westerlund 1 ba. Shuɗin hazon da ake gani a hotunanta da an ɗauka ragowar gajimaren haihuwa ne, daga baya aka gane wata ƙura ce daban da suke ratsawa ta ciki.

Ba zata dawwama a haɗe ba Baba. Duk sanda taurari biyu suka gifta kusa da juna ɗaya kan samu ƙarin gudu, a hankali ƙanana suna zamewa ta gefe, galaksi ma yana ja ta nasa ɓangaren, in suka wuce kusa da wani ƙaton gajimare ya girgiza su. Nan da 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru zata watse. Maƙwabciyarta a sama, gungun Hyades, ta girme ta nesa ba kusa ba, kuma na'urar Gaia mai auna tafiyar taurari ta gano dogayen jela biyu na taurarin da suka zube daga jikinta, ɗaya gaba ɗaya baya.

Rana kuwa akwai alama mai ƙarfi cewa ita ma a cikin jama'a aka haife ta, shekara biliyan 4.6 da suka wuce. Shaidar a duwatsun da ke faɗowa daga sama take. Wanda ya faɗo a Allende ta ƙasar Meziko a 1969, da aka bincika shi an samu sawun wani nau'in alminiyom mai saurin ruɓewa, wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara dubu ɗari bakwai. Abu mai gajeren rai haka ba zai zo daga nesa ba, kuma manyan taurari ne aka sani da ƙera shi, shi ya sa yawancin masana ke ganin akwai ƙaton tauraro a kusa lokacin da ake haifar Rana, manyan taurari kuwa a gungu ake samunsu. Tun daga lokacin Rana ta zaga galaksi wajen sau 20, kowane zagaye shekara miliyan 230, 'yan uwan duk sun bazu. Ana nemansu ta hanyar duba taurarin da sinadaransu da shekarunsu suka zo ɗaya da nata.

TAMBAYA: In suna cunkushe haka basa karo da juna ne?

AMSA: 'Yar uwa a unguwarmu dai ba wannan maganar, tauraro mafi kusa da Rana yana nisan shekarar haske 4.2. A tsakiyar manyan gungu kuwa a wannan tazarar sai ki samu dubbai, to can kam akan yi. A 1953 Allan Sandage ya lura da wasu shuɗɗan taurari a tsohon gungun M3 da bai kamata a ce suna raye ba in aka duba shekarun gungun, yanzu an gane taurari ne da suka haɗe ko ɗaya ya zuƙe gas ɗin abokinsa ya koma kamar sabo. Abin da ya fi yawa dai shine cilli. In taurari uku ko huɗu suka cakuɗe a kusa, sai a wurgo ɗaya waje da mugun gudu. Akwai guda biyu, AE Aurigae da Mu Columbae, kowanne yana gudun wajen kilomita 100 a daƙiƙa sun ba juna baya, da aka bi sawunsu sai aka ga daga yankin Oriyon suka taso wajen shekara miliyan 2 da rabi da suka wuce.

TAMBAYA: Na karanta cewa akwai gungu masu taurari miliyan da suka kusa kai shekarun duniyar sama gaba ɗaya. Su ma haka aka yi su?

AMSA: Ɗan uwa waɗannan su ne dunƙulallun gungu, masu kama da ƙwallo. Galaksinmu yana da wajen 150, wani ƙaton galaksi M87 kuma yana da sama da dubu goma. Yawancinsu shekara biliyan 12 ne ko kusa da haka, alhali sararin samaniya kansa biliyan 13.8 ne. Ra'ayin da ya fi rinjaye yanzu shine hanya ɗaya ce da wadda muka yi bayani a sama, bambancin kawai a wancan zamanin galaksi cike suke maƙil da gas, suna ta karo da juna, matsi ya yi yawa, to gajimare mai kaurin da zai ci rige-rigen nan ba abin nema bane kamar yanzu. Waɗanda muke gani yau su ne masu nauyin da suka jure zubewar taurari duk tsawon wannan lokacin, ƙananan sun narke tuni. A 2024 Webb ya hango matsattsun gungu biyar a wani ɗan galaksi kamar yadda yake shekara miliyan 460 kacal bayan farkon sararin samaniya, nauyinsu da ƙanƙantar wurin da suka cunkushe sun yi daidai da abin da ake tsammanin dunƙulallen gungu zai kasance yana jariri.

Mafi girma a namu galaksin shine Omega Centauri, taurari wajen miliyan 10, nisan shekarar haske wajen 17,000. Shi kam nasa labarin ya ɗan bambanta, taurarinsa ba sa'annin juna bane kuma sinadaransu sun sha bamban, shi ya sa da yawa ke ganin cibiyar wani ƙaramin galaksi ce da namu ya haɗiye ya bar ƙwallon. Mutanen da sun ɗauka tauraro ɗaya ne, har aka lissafa shi cikin taurari aka ba shi harafi, sai a 1677 Edmond Halley ya duba da madubi ya ga ba ɗigo bane, hazo ne. In ba can arewacin duniya sosai kake ba zaka iya ganinsa da idonka, daga Afrilu zuwa Yuni bayan duhu ya yi sosai, ka samu wurin da ba fitilu a daren da ba wata ka fuskanci kudu, yana ƙasa-ƙasa kamar tauraron da aka shafa da yatsa, faɗinsa ya kusa na cikakken wata. In kana da ƙaramin madubin hange na hannu ka tafi dashi.